Ƙana'a da Ƙarfin Cewa A'a



A ƙarshen watan Yuli na shekarar 1846, a wani ƙaramin gari da ake kira Concord a jihar Massachusetts ta Amurka, wani mutum ɗan shekara 29 ya shigo gari zai karɓi takalminsa da ya kai gyara. Kafin ya isa wurin mai gyaran sai ya yi kiciɓis da Sam Staples, mai karɓar harajin garin, wanda kuma shi ne mai kula da gidan yari. Sun san juna, babu wata ƙiyayya a tsakaninsu. Staples ya tuna masa cewa ya yi shekaru bai biya harajin kai ba. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, dala ɗaya da rabi ne a shekara. Mutumin ya ce ba zai biya ba. Dalilinsa shi ne gwamnatin da ke neman kuɗin ta yarda a sayi ɗan Adam a sayar kamar dabba, ga shi kuma a shekarar ta buɗe yaƙi da Meziko, yaƙin da masu adawa da bauta suke ganin neman ƙarin ƙasa ne da za a kai bayi. A daren nan a gidan yari ya kwana. Da gari ya waye aka ce ya fita, wani ya biya masa, kuma ana kyautata zaton gwaggonsa ce. Bai ji daɗin hakan ba. Ya wuce ya karɓi takalminsa, ya koma daji.

Sunansa Henry David Thoreau. Dajin da ya koma kuwa shi ne ya sa na ɗauko labarinsa yau.

Shekara guda kafin wannan kamu, ranar 4 ga Yuli, 1845, ya tare a wani ɗaki da ya gina da hannunsa a bakin tafkin Walden, a filin abokinsa marubuci Ralph Waldo Emerson. Gatari ya ara ya sari itace. Katakon rufin bango kuma ya saya ne daga tsohuwar bukkar wani leburan jirgin ƙasa. Faɗin ɗakin ƙafa 10, tsawonsa ƙafa 15, kuma ya rubuta kuɗin komai har ƙusa, jimilla dala 28 da 'yan kai. A ciki akwai gado, da tebur, da abin rubutu, da kujeru uku. A waje ya noma wajen eka biyu da rabi, yawanci wake, da ɗan dankali da masara. Ya zauna nan shekara biyu da wata biyu. Wannan mutum ne da ya gama jami'ar Harvard a 1837, gidansu kuma suna da sana'ar yin fensir mai ci. Da ya so aikin albashi, da ya samu.

To me ya kai shi? Ya dubi maƙwabtansa ne, manoman Concord, ya ga da yawansu sun gaji gona da bashi a kanta, suna kwana suna tashi cikin biyan jingina har tsufa ya riske su. Sai ya yi wani irin lissafi da ba kasafai ake yi ba. Maimakon ya tambayi nawa ne kuɗin abu, sai ya tambayi kwana nawa na rayuwarsa zai ba da kafin ya mallake shi. Da ya rage bukatunsa zuwa ci da sutura da wurin kwana da itacen ɗumi, sai ya gano cewa aikin ƙwadago na kimanin mako shida a shekara ya ishe shi. Ragowar shekarar tasa ce, ya yi karatu, ya yi rubutu, ya yi yawo.

Mutane sukan raba labarin nan gida biyu. Wasu su ɗauki ɗakin bakin tafki, su ce ga mai son tsuntsaye da shiru. Wasu su ɗauki kwanan gidan yari, su ce ga ɗan gwagwarmaya. Ni a ganina abu ɗaya ne, kuma na farkon ne ya haifi na biyun. Mai karɓar haraji ya tsorata ka ne da abin da zai iya raba ka da shi. In kana da gidan da ba ka gama biya ba, da shagon da za a iya garƙamewa, da kujerar da kake jiran ƙarin girma a kanta, to kafin bakinka ya furta a'a sai cikinka ya ɗuri ruwa. Wanda dukiyarsa ba ta wuce kujeru uku da buhun wake ba, da me za a yi masa barazana? Shi kansa ya faɗi makamancin haka a laccar da ya yi a 1848, wadda aka buga a 1849, inda ya nuna cewa yawan dukiya na sa mutum ya zama ɗan amshin shatan hukumar da ta ba shi damar tara ta.

Mu ma mun san wannan, ba sai an zo daga Amurka an gaya mana ba. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Ku dubi ma'aikacin da aka miƙo wa takardar da ya san ƙarya ce a ciki, aka ce ya sa hannu. Yawanci ba mugun mutum ba ne. Yana salla, yana azumi, zuciyarsa na gaya masa kada ya yi. Amma ya ci bashin banki ya sayi motar da ta fi ƙarfin albashinsa, ya sa yara a makarantar da ya zaɓa don kada a raina shi a unguwa, ga bikin 'yarsa ya ƙarato, uwargida ta ce kayan ɗaki ba za su gaza na 'yar maƙwabta ba. Alƙalamin na hannunsa, amma tun ranar da ya ɗauki waɗancan nauye-nauye aka riga aka sa hannun. Haka malamin da ke wa'azi, in mai mulki ne ya gina masa gida ya biya masa kujerar Makka, akwai ayoyin da za su yi masa nauyi a baki. Mukan tsaya muna kukan cewa gaskiya ta yi ƙaranci, ba ma tambayar nawa kowannenmu ya ɗora wa kansa na bukatun da suka sa faɗin gaskiya ya yi masa tsada.

Na san akwai mai sauraro yanzu, wataƙila yana bakin tasha ko a gona, da zai ce: Malam, wa kake gaya wa? Mu da ba mu da na awo, wace bukata ce ta rage da za mu rage? Yana da gaskiya, kuma wannan magana ba da shi nake ba. Rashi daban, ƙana'a daban. Wanda yunwa ta hana shi barci ba shi da 'yancin da nake magana a kai, hasali ma shi ne wanda ake saye da mudun shinkafa da sabulu ranar zaɓe, kuma laifin na masu sayen ne. Ƙana'a sai ga wanda ya samu abin da zai ishe shi, sannan ya tsaya. Da masu albashi nake, da 'yan kasuwa, da malamai, da duk wanda Allah ya rufa wa asiri amma yana nema ya tona wa kansa don gasa.

Su ma masu sukar Thoreau suna da abin faɗi. Ɗakin nasa bai kai mil biyu daga gari ba, jirgin ƙasa na wucewa ta gefen tafkin, yana yawan shiga gari, yana cin abinci a gidan mahaifiyarsa. Ba shi da mata, ba shi da 'ya'ya, filin ma na aro ne. Duk haka ne, kuma magidanci mai iyali goma ba zai iya kwaikwayonsa ƙafa da ƙafa ba. Sai dai shi bai taɓa cewa ya yi hijira daga mutane ba, bai kuma ce kowa ya je ya gina bukka ba. Gwaji ya yi don ya san iyakar abin da yake bukata, da ya samu amsa ya tattara ya koma gari a watan Satumban 1847. Ni kusancin nan da gari ma ya fi burge ni, domin ya nuna ba sai mutum ya yanke zumunci ba kafin ya sauƙaƙa wa kansa.

Me ya yi da lokacin da ya ƙwato? Kallo ya yi, kallo na tsanaki. Mutanen yankin sun daɗe suna cewa tafkin Walden ba shi da iyakar zurfi. Kowa ya ji a bakin wani, kowa ya ƙara gaba. A farkon 1846, lokacin da ruwan ya daskare, ya ɗauki igiya da dutse, ya huda ƙanƙarar a wurare da dama, ya auna. Inda ya fi zurfi ƙafa 102 ne, kuma da aka sake aunawa da kayan zamani an tarar bai yi nisa da daidai ba. Ina ganin wannan hali ne ya bi shi har gaban mai karɓar haraji. Mutumin da ya saba ba ya karɓar an ce sai ya sa igiya ya gwada, ranar da aka ce masa bauta doka ce don haka a yi shiru, shi ma sai ya auna ya ga ko maganar na da tushe. Daji ba ya yi wa kowa fadanci. Ruwa zai daskare ranar da zai daskare, ko sarki na so ko ba ya so, kuma wanda ya daɗe yana zama da abin da ba ya ƙarya, kunnensa kan yi saurin gane ƙarya.

A shekarun 1850 ya riƙa fita kusan kullum, yana rubuta ranar da kowane tsiro ya fara fure, da ranar da tsuntsaye suka dawo, da ranar da ƙanƙarar tafki ta narke. Wasu a garin suna ɗaukar sa mara aikin yi. Bayan fiye da shekara 150, wani masanin tsirrai na jami'ar Boston, Richard Primack, shi da abokan aikinsa, suka ɗauko waɗannan rubuce-rubuce suka kwatanta da na yanzu. Suka tarar tsirran Concord na yin fure da wuri, kimanin mako guda a matsakaici, wasu ma fiye, saboda ɗumamar yanayi, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in da ya lissafa ba a ganin su a yankin. Yawon da aka raina ya zama hujjar kimiyya.

Wannan ya sa nake jin takaicin irin ilimin da ke zubewa a hannunmu. Tsofaffin manomanmu sun san in shamuwa ta sauka damina ta ƙarato. Sun san gawo na zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Suna duban taurari su san lokacin shuka, suna jin iska su san hadari na ruwa ne ko na ƙura. Nawa ne daga cikin 'ya'yanmu na birni za su iya bambance kuka da ɗorawa daga nesa? Kuma wa ke rubuta ranar ruwan farko a ƙauyensu, shekara bayan shekara, a ɗan littafi? Abu ne da ba ya cin ko sisi, sai natsuwa, ita ce kuwa muka sayar.

Thoreau bai tsaya a kwana ɗaya na gidan yari ba. Bayan dokar 1850 da ta tilasta mayar da bayin da suka gudu, gidansu ya zama mafakar irin waɗannan bayin Allah, shi da kansa yana raka su tashar jirgi su kama hanyar Kanada. Littafinsa na farko bai yi kasuwa ba, cikin kwafi 1,000 an dawo masa da 706. Littafin Walden ya fito a 1854. Ya rasu a 1862 yana da shekara 44, tarin fuka ne ajalinsa, bai ga ƙarshen bauta a ƙasarsa ba. Amma Mahatma Gandhi ya karanta laccar nan tasa ta 1848 a Afirka ta Kudu, Martin Luther King ya karanta ta yana ɗalibi, dukansu biyu sun ce ta yi tasiri a kansu.

Ta hanyar Gandhi kuwa zaren ya iso ƙofar gidanmu, domin Malam Aminu Kano na cikin waɗanda salon Gandhi na gwagwarmaya ba da makami ba ya burge. A 1950 ya ajiye aikin koyarwa, aikin da a wancan zamani ake ganin mai shi ya haye, ya shiga NEPU, jam'iyyar da 'ya'yanta suka sha ɗauri da bulala. Ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979, amma da ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa na Gwammaja yake, gidan da duk wanda ya shiga ya san ba na mai tara abin duniya ba ne. Ƙana'ar tasa daga karatun addini da tarbiyyar gidan malamai ta samo asali, kuma ita ce ta sa aka rasa ta inda za a riƙe shi. Ɗaya daga cikin abubuwan da ya daɗe yana yaƙi da su shi ne harajin kai da jangali, waɗanda ake tatsar talaka da makiyayi da su. A 1979, da jam'iyyarsa ta PRP ta kafa gwamnati a Kano ƙarƙashin Abubakar Rimi, da Kaduna ƙarƙashin Balarabe Musa, soke su na cikin abubuwan farko da aka yi.