Kyautar gwarzuwar kurket da darasin da ke cikinta

A kowace shekara Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, tana karrama 'yar wasan da ta fi fice a duniya. Karen Rolton ta Ostireliya ce ta fara karɓar kyautar a 2006. Tun 2017 kyautar ke ɗauke da sunan Rachael Heyhoe Flint, wadda ta jagoranci Ingila ta lashe gasar cin kofin duniya ta mata a 1973, shekara biyu kafin maza su fara tasu.

Jerin waɗanda suka lashe ta abin nazari ne. Ellyse Perry ta Ostireliya, Smriti Mandhana ta Indiya da Nat Sciver-Brunt ta Ingila kowacce ta karɓa sau biyu, sannan Amelia Kerr ta New Zealand ta karɓi ta 2024. Dukkansu sun fito daga ƙasashen da ke biyan mata albashi, suna kuma shirya musu wasanni a kai a kai. Alƙalan kyautar suna duba abin da 'yar wasa ta yi a fili cikin shekara guda ne, saboda haka wadda ƙasarta ba ta fitar da ita gasa ba, ba ta da abin nunawa, komai hazaƙarta.

Amma ƙofa a buɗe take ga ƙananan ƙasashe. Daga Yulin 2018 hukumar ta amince duk wasan T20 na mata tsakanin mambobinta ya zama na ƙasa da ƙasa, ta kuma ware kyauta ga ƙasashe masu tasowa a wasan. Queentor Abel ta Kenya ce ta lashe ta 2023.

Najeriya tana cikin wannan rukuni, kuma 'yan matanta sun riga sun nuna bajinta. Sun samo tagulla a Wasannin Afirka na Accra a 2024, sannan a Janairun 2025 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki biyu a gasar duniya a Malesiya.

Kurket zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028. Ya kamata Hukumar Wasanni ta Ƙasa da jami'an da ke tsara kasafin kuɗi su tanadi kuɗin tafiye-tafiye, filaye da alawus na 'yan wasan a kan lokaci, domin sai an yi shuka ake sa ran girbi.