Haƙƙin mai fasaha ba saye ake ba, amma sai da shaida

Akwai tambayar da mawaƙa, marubuta da masu zane na ƙasar nan suka daɗe suna yi, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai: nawa mutum zai biya kafin aikinsa ya zama nasa a gaban doka? Amsar ita ce ko dala. Rashin sanin haka ya sa da yawa sun zuba ido ana cin guminsu, suna zaton sai mai kuɗi ke da haƙƙi.

Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijar ke cikinta, ta tanadi cewa kare aikin fasaha bai rataya ga rajista ko biyan wani kuɗi ba. Ranar da ka tsara waƙarka ko ka rubuta littafinka, ranar haƙƙinka ya fara, kuma bisa ƙa'idar yarjejeniyar yana bin magadanka aƙalla shekara 50 bayan rasuwarka. Yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda ta kafa ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, ta bi wannan turba. Haka dokarmu ta 1993 da wadda ta maye gurbinta a 2010. Sai dai ƴan kasuwa su lura: sunan haja da tambarinta wani babi ne dabam, su kam sai an yi musu rajista an biya. Kazalika doka ba ta kare tunanin da ke cikin kai, tana kare abin da aka fitar aka ba shi siffa.

To ina gizo ke saƙa? A gaban alƙali. Idan mutum biyu suka tsaya kowa na cewa waƙa tasa ce, wanda ya nuna ya riga shi ke da rinjaye. Shaidar nan kuwa ana iya tara ta ba da ɓarnar kuɗi ba. Kada ka yar da takardun farko da ka yi ta gogewa kana gyarawa, domin ɓarawo yana da aikin da aka gama, ba shi da tarihinsa. Sa sunanka da shekara a kan kowane kofi. Mawaƙi ya ambaci sunansa cikin faifan. Aika wa kanka da wani amintacce aikin ta saƙon intanet, kwanan wata ya zauna. Idan an saka waƙarka a gidan rediyo, rubuta ranar da sunan shirin.

Wasu na ba da shawarar mutum ya rufe aikinsa cikin ambulan, ya aika wa kansa ta gidan waya, ya ajiye ba tare da ya buɗe ba. Dabarar ba ta da laifi, amma kada a ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Hatimin gidan waya ba ya ba da haƙƙi, kwanan wata kawai yake nunawa, kuma abokin shari'a na iya cewa ambulan a buɗe aka aika shi. Shaida ɗaya ce cikin shaidu.

Babban haɗari ma ba ɓarawon dare ba ne, takardar da aka miƙo maka da rana tsaka ce. Solomon Linda na Afirka ta Kudu ya ɗauki waƙarsa Mbube a 1939, ya sallama ta ga kamfanin faifai a kan kuɗi kaɗan. Waƙar ta zaga duniya da wani suna, ta tara wa wasu dukiya, shi kuwa ya rasu cikin talauci a 1962. Sai a 2006 magadansa suka samu sulhu. Manu Dibango na Kamaru kuwa, da yake faifansa Soul Makossa ya fito da sunansa tun 1972, lokacin da Michael Jackson ya ɗauki wani sashe nasa a 1982 bai rasa abin nunawa ba, aka sasanta aka biya shi. Darasin a fili yake: kada ka sa hannu kan abin da ba a karanta maka ba cikin harshen da kake ji, kuma ka bambanta ba da izini na ɗan lokaci da sayarwa baki ɗaya.

Saura mu waiwayi kanmu. Jiya kaset ake kwafa, yau katin salula ake cikawa da waƙoƙi a bakin kasuwa, ana kuma hoton littafi sukutum a ofisoshi. Ɗan kasuwar da ba zai yarda a ɗauki buhun gero ɗaya daga shagonsa ba, bai kamata ya sayar da gumin mawaƙi ba tare da izini ba. Hukumar BNDA, wadda aka ɗora wa karɓo kuɗin masu fasaha, wajibi ne ta kai bayaninta jihohi cikin harsunan ƙasa, ta kuma bayyana abin da ta karɓa da yadda ta raba shi.

Doka ta riga ta ba mai fasaha haƙƙinsa kyauta. Nasa shi ne ya adana shaida, ya kiyaye hannunsa. Namu shi ne mu biya abin da muka ji daɗinsa.