Katakon da Ake Ƙonawa, Yaran da ke Zaune a Ƙasa

Duk malamin da ya koyar da rubutu a aji ɗaya ya san cewa yaron da ya ɗora littafi a gwiwa ba zai miƙe harafi ba. Yana zaune kan simintin da ya farfashe, sanyin hunturu na ratsa shi, mu kuwa muna duba rubutunsa da jan biro kamar laifinsa ne.

Illela gari ne na iyaka. Manyan motoci na ratsawa tsakaninmu da Birnin Ƙwanni, ban da lokutan da aka rufe hanya, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Wasu kayan suna zuwa ne a kan shimfiɗar katako da ake ɗaure su a kai domin lodi. Da an sauke, sai shimfiɗar ta zama itacen murhu. Ra'ayina shi ne kwamitocin gudanar da makarantu da ƙungiyoyin iyaye su riƙa sayenta, su miƙa wa kafintocin gari su ƙera benci da tebur. Katakon gini daga kudu ake kawo mana shi, kuma kuɗin mota kaɗai ya isa ya karya ƙaramin asusun makaranta.

Aikin yana son lura, 'yan'uwa malamai. Shimfiɗa samfurin Turai tsawonta santimita 120 ne, faɗinta 80, kuma ƙusoshi 78 ne ke riƙe da ita. Dole a zare kowace ƙusa, a goge katakon da sanfefa har ya yi santsi, domin sartse a cinyar yaro ba abin wasa ba ne. A kuma duba hatimin da ke jikinta. Idan an buga HT, da zafi aka kashe ƙwarin da ke ciki, ba komai. Idan MB ne, an yi mata turaren maganin ƙwari mai guba, bai kamata ta shiga aji ba. Haka nan wadda mai ko sinadari ya jiƙa. Sai kuma gara, wadda ba ta jin kunyar kayan gwamnati balle na talaka: a shafa wa ƙafafun bencin magani, a ɗaga su daga ƙasa lokacin hutun damina.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce, wai muna sauke wa hukuma nauyinta. Maganarsu tana da tushe. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora samar da kayan aji a kan gwamnati, ta hannun UBEC da SUBEB, kuma reshenmu bai kamata ya daina tuni ba. Sai dai ɗalibin da ya shiga aji ɗaya bana ba zai dakatar da shekarunsa ya jira kwangila ba. Mu ƙirga yaran da ba su da wurin zama, aji bayan aji, mu aika wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a rubuce, mu kuma kai kwafi ɗaya taron iyaye na wannan zango, tare da kafinta da farashinsa.