"Maleriya da taifot ne": kafin ka tura kuɗin ruwa gida, tambayi ko an yi gwaji

Duk wanda ke zaune Sabo Ibadan, Agege ko Ama Hausa ta Owerri ya san irin wayar nan: "Inna ba lafiya, an ce maleriya da taifot ne, a turo kuɗin ruwa." Sai mu tura. Ba safai muke tambayar wa ya ce, kuma da me ya gane ba.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. Ɗan gwajin nan na huda yatsa ba ya buƙatar wuta, cikin minti 20 an ga sakamako. Matsalar tana farawa ne idan ya nuna ba maleriya ba ce. A asibitin ƙauye sau da yawa nan aka tsaya, ba wani gwajin gaba. Ma'aikaci ya ga dangi sun zuba masa ido, sai ya rataya ruwa ya buga allura, kowa ya samu natsuwa.

A Bauchi wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Jihar na cikin waɗanda rahoton NCDC ke sa wa a gaba wajen zazzaɓin Lassa, tare da Ondo da Edo, musamman da rani. Lassa kuwa da fari kamar maleriya take: zazzaɓi, ciwon kai, kasala. Maganinta, ribavirin, ya fi aiki idan an fara da wuri. Kwana biyar da aka ɓata ana ƙarin ruwa ba sa dawowa, ga mai jinya da ma'aikacin su ma suna iya ɗauka.

Mutumin Ɗan Iya, a cikin garin Bauchi, keke Napep zai hau ya isa asibitin koyarwa na ATBU inda ake gwajin Lassa. Na ƙauyen Kirfi ko Toro fa? Ba wanda ke cewa a kai wannan na'ura kowace mazaɓa. Abin da ya kamata shi ne jinin ya yi tafiyar maimakon mara lafiya: mai ɗaukar samfur, akwatin sanyi, babur da mai, sai sakamako ya dawo ta waya. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun BHCPF don ƙananan asibitoci. Fenti da sabon gini sun fi daɗin ƙaddamarwa, shi ya sa babur ɗin samfur ba ya samun mai tsaya masa.

Ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya a kudu suna tara kuɗin masallaci da rijiya. Asibitin mazaɓa na da kwamitin unguwa. A kira shugabansa a tambaye shi: idan gwajin maleriya ya ce babu, ina kuke kai jinin, kuma kwana nawa sakamako ke yi?