Takardar Koke ga Shugaban CAF kan Ƙwallon da Aka Hana Najeriya a Wasan Ƙarshe na 2000

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF,
Alƙahira, Masar.

Ta hannun Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Mu da muka sa hannu a ƙarshen wannan takarda masoya ƙwallon ƙafa ne daga Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da Jos. A cikinmu akwai 'yan kasuwa da malaman makaranta da direbobi, akwai masu gidajen kallo, akwai kuma tsofaffin 'yan wasan unguwa da gwiwa ta zaunar. Mun kawo kukanmu gabanka ne a kan hukuncin da aka yanke a wasan ƙarshe na Gasar Cin Kofin Afirka, ranar Lahadi 13 ga Fabrairun 2000, a babban filin wasa na Surulere da ke Legas, tsakanin Najeriya da Kamaru. Shekara 20 da ɗoriya ke nan, amma ciwon bai warke ba, domin ba a taɓa duba shi ba.

Muna roƙon ka yi haƙuri mu fara daga abin da ya gabaci wannan rana, don ka san nauyin da ta ɗauko. Najeriya ta ci kofi a Tunisiya a 1994. A 1996 gwamnatin soja ta hana 'yan wasanmu zuwa Afirka ta Kudu su kare kofinsu, hukumarku kuma ta hukunta mu da hana mu shiga gasar 1998. Ba mu ce hukuncin bai dace ba, doka ce aka karya. Amma waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsa 'yan wasa ne da 'yan kallo, waɗanda ba su da hannu a shawarar. Yaran da suka ciwo wa Afirka zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996 suna ji suna gani aka yi gasa biyu ba su. Saboda haka da aka karɓe gasar 2000 daga hannun Zimbabuwe aka ba Najeriya da Ghana, muka ɗauka lokacin share hawaye ya zo. Kano ta karɓi baƙi a filin Sani Abacha, muka cika shi don kallon Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso, alhali babu tamu a cikinsu. A Legas kuwa muka doke Tunisiya 4 da 2, Victor Ikpeba ya ci biyu. Julius Aghahowa ya cece mu daga hannun Senegal. A wasan kusa da na ƙarshe ɗanmu Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu kafin a tafi hutun rabin lokaci. Daren nan ba a yi barci da wuri a garuruwanmu ba.

Da yawa daga cikinmu sun rufe shaguna, sun hau motar dare zuwa Legas da kuɗin da suka tara ko suka ranta. Waɗanda ba su da hali suka haɗa kuɗin man janareta, aka fito da talabijin ƙofar gida aka ɗora a kan benci, manya a tabarma, yara a tsaye a bayansu cikin sanyin hunturu.

Ga yadda wasan ya gudana, kuma kundin hukumarku zai gaskata mu. Samuel Eto'o ya fara ci wa Kamaru, Patrick Mboma ya ƙara ta biyu, duk cikin minti 31 na farko. Raphael Chukwu ya rage ɗaya ana dab da tafiya hutu, da dawowa kuma Jay-Jay Okocha ya narka wata daga nesa ya farke. Aka tashi 2 da 2, aka yi ƙarin lokaci babu ci, aka tafi bugun fenareti. Okocha da Godwin Okpara suka ci namu biyu na farko. Mai tsaron ragar Kamaru, Alioum Boukar, ya tare na Nwankwo Kanu, kuma wannan ba mu da ta cewa a kansa, gwanintarsa ce. Sai Ikpeba ya zo bugu na huɗu. Ƙwallon ta daki ƙarfen sama daga ƙasansa, ta sauka bayan layi, sannan ta yi tsalle ta fito. Alƙalin wasa Mourad Daami na Tunisiya ya ce ba ta shiga ba, mataimakinsa da ke tsaye daidai layin bai nuna akasin haka ba. Marigayi Marc-Vivien Foé ya ɓarar da nasa, kyaftin ɗinmu Sunday Oliseh ya ci, Rigobert Song ya rufe, aka tashi 4 da 3.

Ranka ya daɗe, ba da jita-jita muka zo ba. A daren nan aka maimaita hoton a talabijin, a hankali, sau da yawa. Mu da ke zaune ƙofar gida muka ga ƙwallon gaba ɗayanta a cikin raga, farin layin yana gabanta, kafin 'yan'uwanmu da ke cikin filin su san abin da ya faru. Wani dattijo a cikinmu ya tashi ya ɗora yatsa a kan gilashin talabijin daidai inda ta sauka, yana cewa, "Ku duba, ku duba, ai ga ta nan a ciki." Afirka duka ta ga abin da ya gani, har da 'yan'uwanmu na Kamaru.

Akwai masu cewa ai Ikpeba da kansa ya ɗora hannu a ka, alamar ya san ya ɓarar. Wannan magana tana ƙona mana rai ƙwarai. Ɗan wasan da ya buga daga yadi 12, idonsa ya ga ƙwallo ta daki ƙarfe ta dawo, ta yaya zai fi wanda aka tsayar a kan layi sanin inda ta sauka? Ba a taɓa rubuta a dokar ƙwallo cewa murnar ɗan wasa ce ke tabbatar da ci ba. Layi ne ke tabbatarwa, kuma don layin aka sa mutum ya tsaya a wurin. An ɗora wa bawan Allah nan laifin da ba nasa ba, mutumin da hukumarku da kanta ta naɗa gwarzon ɗan wasan Afirka a 1997, ya koma duk inda aka ambaci sunansa sai an haɗa da wannan bugu.

Don mu yi adalci, ba mu ce da an ƙirga ƙwallon kofi ya zama namu ba. Da an ƙirga, bugun Song zai mai da lissafi 4 da 4 ne, a ci gaba da bugu ɗaya-ɗaya, kuma Allah kaɗai ya san wanda zai yi nasara. Kamaru ta zo da ƙungiya mai ƙarfi, ta kuma nuna haka da ta je Sydney ta ciwo zinare a wannan shekarar. Abin da aka ƙwace mana shi ne damar a ci mu ko mu ci bisa gaskiya, a gidanmu, a gaban jama'armu.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Da wannan nasara Kamaru ta cika uku, ta riƙe wancan kofin har abada, alhali mu ma a ranar ta ukun muke nema, bayan 1980 da 1994. Sai da muka jira shekara 13, har 2013, kafin marigayi Stephen Keshi ya sake kawo mana kofi. Kanu da Okocha, waɗanda duniya ta sani, ɗaya ya ajiye takalmi bai taɓa ɗaga kofin Afirka ba, ɗayan kuma bai sake ɗagawa ba bayan 1994. Garba Lawal da Babangida, namu na gida, haka suka gama ba su samu ba. Tun daga ranar kuma Najeriya ba ta sake karɓar baƙuncin gasar ba.

Da wannan ne karo na farko, da mun ce kuskure ne irin na ɗan Adam mu yi shiru. Amma dattawanmu suna tune da 27 ga Maris ɗin 1988 a Casablanca, wasan ƙarshe da Kamaru ɗin dai. Henry Nwosu ya ci da ka, aka soke aka ce satar gida ce, hukuncin da har gobe ake jayayya a kansa, sannan Emmanuel Kundé ya ci mu da fenareti, 1 da nema. Ta 1984 a Abidjan kuwa, da suka ci mu 3 da 1, ba mu taɓa yin ƙorafi a kanta ba, sun fi mu ne a ranar. A nan wajibi ne mu gaya maka abin da ake faɗa a majalisu, ko da ba daɗi. Mutane suna haɗa waɗannan hukunce-hukunce biyu da kasancewar shugaban hukumar na lokacin, marigayi Issa Hayatou, mutumin Garwa ne a Kamaru. Mu ba mu yarda da wannan zargi ba, ba mu da hujja a kansa, kuma ba ma son a ci naman mamaci. Sai dai duk shekarar da ta wuce hukuma ba ta ce uffan ba, zargin ƙara samun gindin zama yake yi, yana ɓata sunan wanda ya tafi da na hukumar da ya bari, yana kuma shiga tsakaninmu da maƙwabtan da muke auratayya da cinikayya da su daga Mubi har Marwa.

An yi kuka tun a makon farko. Jaridu sun rubuta, an yi ta kiran waya a shirye-shiryen wasanni na rediyo, 'yan wasan da abin ya shafa sun yi ta maimaita zancen a hirarraki. Shugabancin hukumar ya canja hannu a 2017, ya sake canjawa a 2021, har yau muna jiran jin kalma guda. Abin da muka gani maimakon haka shi ne, bayan an dakatar da shi Malam Daami saboda shiga filin da ya yi a wasan ƙarshe na Hearts of Oak da Espérance a Accra a Disamban 2000, wasan da ba shi ne alƙalinsa ba, sai ga shi an sake miƙa masa usur a wasan ƙarshe na 2006 a Alƙahira. Ba mu zo neman a tozarta shi ba, ya yi ritaya, muna masa fatan alheri. Amma ka auna yadda muka ji a ranar.

Abin da ya ƙarfafa mana gwiwar rubuto wannan takarda shi ne mun ga hukumarku ta taɓa gyara kuskure cikin kwana biyu. A 2013, a wasan Burkina Faso da Ghana, alƙali Slim Jdidi ya kori Jonathan Pitroipa bisa zargin faɗuwar ƙarya. Aka dakatar da alƙalin, ya amsa kuskurensa, aka soke katin, Pitroipa ya buga wasan ƙarshe, kuma da mu ya buga. Ba mu yi gunaguni ba, mun yaba. Haka a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2010, da aka hana Ingila ƙwallon Frank Lampard a Bloemfontein, wadda ta daki ƙarfe ta sauka bayan layi tamkar ta Ikpeba, shugaban FIFA Sepp Blatter ya fito ya ba da haƙuri, kuma a 2012 aka amince da na'urar tantance layin raga. Tamu ta riga tasu da shekara 10, a wasan ƙarshe kuma, ba a zagaye na biyu ba.

Tsoronmu shi ne abin bai zama tarihi ba tukuna. A 31 ga Mayun 2019 a Radès, an soke ƙwallon Walid El Karti na Wydad ta Casablanca a wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Afirka, 'yan wasa suka nemi a duba na'urar VAR, ashe ba ta aiki. Aka tsaya sama da awa guda, aka tashi wasa, aka ba Espérance kofi. Kwamitin zartarwa ya ce a sake, kotun wasanni ta Lausanne ta soke, aka yi ta shari'a har Satumban 2020. Da muka ga mutanen Casablanca a wannan hali, mun san abin da ke ransu.

Saboda haka, cikin ladabi, muna roƙon abu huɗu. Na farko, kuma shi ne ya fi damun mu, hukumar ta sa kwamitin alƙalanta ya kalli faifan wasan nan, ya fitar da sanarwa a rubuce cewa ƙwallon Victor Ikpeba ta haye layi, a sa wannan a kundin tarihin gasar. Ba mu nemi a karɓe kofi daga hannun Kamaru ba, ba mu nemi a sake wasa ba, kuma ba za mu goyi bayan mai neman haka ba. Na biyu, a aika wa shi Ikpeba da sauran 'yan wasan wannan rana takardar da ke wanke shi, tun suna raye, domin daga cikin waɗanda suka taka filin nan an riga an fara rasa wasu. Na uku, kada a sake busa usur ɗin fara wani wasan ƙarshe a ƙarƙashin CAF, na ƙasashe ko na kulob, sai an gwada na'urar layin raga da ta VAR a gaban wakilan ƙungiyoyin biyu, an kuma tanadi abin da za a yi in ta lalace. Na huɗu, duk hukuncin da ya jawo gardama a irin wannan wasa, kwamitin alƙalai ya yi wa jama'a bayaninsa cikin kwanaki kaɗan, in daidai ne a ce daidai ne, in kuskure ne a amsa.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ofishinka, kuma na farko da na biyu ba sa cin komai sai takarda da sa hannu. Muna roƙon Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya ta isar da wannan koke yadda yake, ta kuma sanar da mu ranar da ya isa. In ana bukatar wakilanmu su bayyana gaban kwamiti, a Abuja ko a Alƙahira, a shirye muke.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci.

Mu ne masu biyayya,

Masoya ƙwallon ƙafa daga Kano, Kaduna, Zariya, Katsina da Jos.