RA'AYINMU: A Gyara Tsofaffin Famfunan Iska Kafin 'Yan Gwangwan Su Kwashe Su

Duk dillalin da ke kasuwar shanu ta Adetikope, haka duk mahaucin da ke nan Zangon Lome, ya san cewa abin da ke faruwa a bakin rijiyoyin Arewa shi ke yanke farashi a nan kudu. Idan ruwa ya ƙafe can da wuri, garke kan gangaro tun manoma ba su gama kwashe amfanin gona ba, daga nan kuwa sai rigima. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ta da maganar famfunan iska.

Tun cikin shekarun 1960 aka kakkafa irin waɗannan famfuna a ƙasar Sakkwato da Garo ta ƙasar Kano, domin jawo ruwa daga rijiya. Da man fetur ya yi araha a Nijeriya, sai aka koma ga injin, aka bar su tsatsa na ci. To, arahar nan ta ƙare tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023.

Masu cewa wai famfon iska kayan tarihi ne, ba su duba lamarin da kyau ba. Gaskiya ne tun 1854 Daniel Halladay ya ƙera nasa a Amurka, amma kamfanin Aermotor, wanda ya soma aiki a 1888, har yanzu yana ƙera su a jihar Texas, kuma masu kiwon shanu da tumaki a Namibiya da Afirka ta Kudu ba su daina shayar da dabbobi da su ba.

Aikin famfon kuwa ba boyayye ba ne. Iska ke juya fanka, giya ta mai da juyin ya koma hawa da sauka, doguwar sanda ta riƙa tura ruwa sama zuwa tanki. Abin da ya fi saurin lalacewa shi ne fatar da ke cikin silinda a can ƙasan rijiya, sai kuma giyar idan an bar ta babu mai. Canjin mai sau ɗaya a shekara ya wadatar. Fata kuwa, ai ba a ƙasar dukawa za a rasa ta ba. Matuƙar hasumiyar ba ta karye ba, makanike da mai walda za su iya tayar da famfon, muddin an fara tabbatar da cewa rijiyar na da sauran ruwa. Iska ba ta kaɗawa kullum, saboda haka dole tankin ya ɗauki ruwan kwana biyu ko uku.

An shafe fiye da shekara goma ana fama da tashar lantarki ta iska mai megawat 10 a Lambar Rimi ta jihar Katsina. Ba mu ce a bar manyan ayyuka ba, amma saniya ba ta jiran kwangila.

Muna kira ga gwamnatocin jihohin Sakkwato da Kano da Katsina da su ƙidaya famfunan da suka rage a tsaye, su hana sayar da su a matsayin tsohon ƙarfe. Kowane famfon da aka gyara a damƙa shi hannun arɗo da mai gari tare, a rubuce, a sa ɗan kuɗin shayarwa a kan kowane garke, a kuma koya wa samari biyu na wurin canjin fata da mai kafin ma'aikatan gwamnati su tafi.