Tsiron Da Ya Dace Da Ɗan Tafkin Lambu

Makarantar da ta gina ɗan tafki a lambunta ta samar wa ɗalibanta ɗakin gwaji wanda babu kwalba ko sinadari a cikinsa. A nan za su ga yadda ƙwan kwaɗo ke zama talibambam, su ga mazari yana fita daga ɓawonsa. Sai dai akasarin masu gina irin wannan tafki sukan ƙare tunaninsu a kan siminti da zurfin rami. Idan aka zo ga tsiron da za a saka, sai a ɗauko duk wanda furensa ya burge ido. Wannan kuskure ne, kuma ɓarnarsa takan tsallake katangar lambu.

Alal misali, akwai baƙuwar kainuwa mai fure shuɗi-shuɗi, wadda masana suka daɗe suna kira Eichhornia crassipes. Asalinta daga yankin Kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma kyawun furenta ne ya sa masu lambu suka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa. A 1984 aka fara ganinta a ruwan Badagiri da ke Jihar Legas, daga baya ta bayyana a Kogin Kwara, ta addabi masunta a Yamai da tafkin Kainji. Idan ta sami zafi da ruwa mai taki, cikin kamar mako 2 takan ninka yawanta, irinta kuma yakan kwanta a laka har kusan shekara 20 bai mutu ba. Ta toshe hanyar jiragen ruwa, ta hana jefa taru. Bai kamata a ba ta wuri a kowane lambu ba, komai kyawunta.

To, ina kainuwarmu ta gida, wadda ake wa kirari da dashen Allah? Kirarin kansa gargaɗi ne: abin da ba ya jiran a dasa shi, ba ya jiran a ba shi izinin yaɗuwa. Kainuwa, wato Pistia stratiotes, takan rufe fuskar ƙaramin tafki ruf, haske ya kasa shiga. Ga kuma wata illa da ba kowa ya sani ba. Tsutsar yawancin sauro dole ta taso saman ruwa ta shaƙi iska, a nan kifi ke tsince ta. Amma tsutsar sauron Mansonia huda saiwar kainuwa take yi, ta riƙa shan iska daga cikinta, tana ɓoye a ƙasa. Wanda ya cika tafkinsa da kainuwa ya gina wa wannan sauro gida.

Kacalla ma a bar ta inda take. Mutanen Haɗeja da Nguru sun san yadda ta mamaye fadamu da hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga, na 1974, da Challawa, na 1992, sun canja yadda ruwa ke zuwa musu. Saiwarta na iya huda ledar da aka shimfiɗa a gindin tafki.

Tsiron da ya fi cancanta shi ne bado. Dalili kuwa, bado yana da saiwa a laka, ba ya yawo a kan ruwa, saboda haka ana iya tsare shi. A dasa shi cikin tukunyar ƙasa ko kwando, da ƙasa mai yumɓu, a rufe samanta da tsakuwa don kada kifi ya tone, sannan a nutsar da ita. A guji zuba takin dabbobi da yawa, domin abin da ya narke a ruwa gansakuka ce za ta ci. Faffaɗan ganyen bado yakan yi inuwa, ya rage zafin ruwa, ya kuma hana gansakuka hasken da take buƙata. Wannan inuwa ba ƙaramin abu ba ce a watan Afrilu: litar ruwa mai ma'aunin zafi 20 na iya riƙe kimanin miligiram 9 na iskar oksijin, amma a ma'auni 30 abin ya sauko wajen 7.5. Farin bado, Nymphaea lotus, da dare yake buɗe furensa, ya rufe da hantsi. Ɗaliban makarantar kwana ne za su fi morar kallonsa.

Ko badon ma da iyaka. Kada ganye ya rufe fiye da kamar rabin fuskar ruwa. Da rana tsirran ruwa suna fitar da oksijin, amma da dare shaƙarsa kawai suke yi kamar sauran halittu. Shi ya sa a tafkin da ya cushe ake ganin kifi yana haki a saman ruwa da asuba.

Saura batun inda za a samo tsiron. Badon da aka ciro daga kududdufin bayan gari yakan zo da ƙananan katantanwa da ƙwansu manne a bayan ganye, kuma wasunsu, irin Bulinus, su ne masaukin ƙwayar cutar tsargiya. Bai dace malami ya tura yara su shiga irin wannan ruwa ƙafa ba takalmi don ciro shi ba. A wanke tsiron sarai, a kankare ƙwan, a ajiye shi a bokiti daban na mako 3 ko 4 ana dubawa kafin ya shiga tafki.

Duk abin da aka rage daga tafkin kuwa, a shanya shi a rana har ya bushe ƙayau, sannan a ƙone ko a binne ya zama taki. Kada a jefa shi a kwata, domin ruwan sama na farko zai kai shi rafi.